Carbin Alhaji a Kan Ƙaramar Giya

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025

Kwana goma sha biyu da fitata takaba. Motar Alhaji tana wani kuka da ban san ta da shi ba. Da zarar Mutari direba ya karya kwana a kan kwalta sai ta yi ƙugi daga ƙasa, tayoyin gaba su riƙa tirjiya, sitiyari ya yi masa tauri har jijiyar wuyansa ta tashi. Shekara goma sha huɗu yana tuƙa wa Alhaji ita, ba ta taɓa yin haka ba. Wata huɗu ina ɗaki, makulli na hannunsa wai don ya riƙa ɗumama inji. Ga abin da na tarar.

Ban ce ya yi wani abu ba. Na dai rubuta.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Yau ma Mutari ya kai hannu kan ƙaramar giya. Sanduna biyu ne a tsakanin kujerun gaba, babbar da ake tuƙi da ita da wata 'yar gajera. A kan gajerar Alhaji ya rataye carbinsa ranar da ya dawo daga gona cikin ruwan sama, ya shigo gida, bai ƙara fita da ƙafarsa ba. Tun ranar sadakar uku na aika cewa kada a taɓa komai a motar nan. Kujera, madubi, carbi, sandar da yake kai.

Mutari wai, "Hajiya, wannan ƙaramar sai an mayar da ita gaba." Na ce inda Alhaji ya bar ta, nan za ta zauna. A hankali na faɗa. Ni ba na ɗaga murya ga mutum irinsa.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Ƙanena Zakaria ya kai mu wurin wani fita abokinsa, makanike ke nan. Mutum ne mai baki kamar rediyo. Ko cikin motar bai leƙa ba, ya kwanta ƙarƙashi ya girgiza wani dogon ƙarfe, farfela suke ce masa, ya fito yana kaɗa kai kamar likitan da ya gano annoba. Wai kuros ɗin farfela, mahaɗin ƙarfen, ne ya ci. Mutari ya fara cewa, "Masta, ka duba ƙaramar..." na ce, Mutari, kai direba ne ko fita?

An canza. Kwanar farko da muka yi a hanyar komawa Nyanshegu, kukan nan yana nan yadda yake. Ko kunya.

Talata, 11 ga Fabrairu

Mai na'urar gwajin mota kuma yau. Farar riga, turare, ya jona waya a jikin mota yana danne-danne, Turanci kamar ana biyan shi a kan kowace kalma. Ƙarshe dai na'ura ba ta ga komai ba. To me aka zo yi? Zakaria ya ja ni gefe: "Yaya, ki buɗe ido. In na'ura ba ta gani ba, cire kayan asali aka yi aka sa na banza. Wa ke da makulli?"

Zakaria bai taɓa mallakar abin da ya fi babur ba, amma wannan karon maganarsa ta zauna mini.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Na kama shi.

Bayan la'asar na fito shanya, na ga Mutari cikin mota shi kaɗai. Ya cire carbin ya ajiye a kan kujera kamar wani tsumma, ya dafe sandar da hannu biyu yana kokawa da ita, ta ƙi motsi. Na tsaya har ya ɗago. Na miƙa hannu kawai. Ya ba ni makulli, ya ce, "Hajiya, wallahi don motar ne." Na ce Allah ya ba ka wani aikin.

Na mayar da carbin kan sandarsa.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Zakaria ya baza a bakin masallaci cewa Mutari ya sayar da kayan motar marayu. Ni ban ce a faɗa ba. Ban kuma hana ba.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Asana matar Mutari ta zo tun daga Jisonayili da rana tsaka. Ba ta roƙi a mayar da shi ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Wai wani mai tifa da ya yi alkawarin ɗaukar shi ya fasa, saboda zancen masallaci. Ta ce, "Aikin ki riƙe, Hajiya. Sunansa muke so." Na ba ta ruwa. Na ce mota ce za ta yi shaida, ba ni ba.

Malaminmu na allo ya sha ja mana kunne a kan zato. Amma wannan ai gani na yi da idona.

Talata, 18 ga Fabrairu

Zan rubuta yadda aka yi, ba ƙari ba ragi.

Zakaria ne ya tuƙa, Allah ya kiyaye, kwana ɗaya sai da ya yi ta sau uku. Wurin wani tsohon fita a Kanvili, Awudu. Ba gareji ba ne ma, inuwar darbejiya ce da tarkacen ƙarafa. Haƙora ja da goro, wando ya sha baƙin mai har ba a san launinsa na asali ba. Na ce a raina, ga na ukunsu.

Bai taɓa motar ba. Ni ya ba benci. Bagwanje ne ko Badagombe ban tambaya ba, Hausarsa dai ta kasuwa ce. Ya ce, "Mma Hajiya, kai ne kana zauna ciki. Faɗa mini kukan shi." Zakaria ya soma bayani, ya ɗaga masa hannu.

Ya tambaya: a miƙe ko a kwana? Na ce a kwana, kuma in kwanar ta matse ya fi. Kan kwalta ko kan jar ƙasa? Sai na tuna ranar da muka je gona ta hanyar Kumbungu, muna sauka daga kwalta ta yi tsit har muka dawo. Ƙugi ne ko ƙwanƙwasa? Na ce ƙugi ne daga tsakiya, sa'an nan taya ta yi tsalle kamar an sake ta. Ya ce kunnena ya fi na fita goma. Ban ji daɗi ba. To, kaɗan.

Ya sa jak ya ɗaga taya ɗaya ta gaba. Tana barin ƙasa ta juya da kanta, fir, ba wanda ya taɓa ta. Na ce a'uzubillahi. Ya yi dariya. Wai motar a ƙafa huɗu take, ƙaramar giyar nan ce ta ɗaure tayoyin gaba da na baya suna ja tare. Wannan na taɓo ne da yashi, inda taya za ta iya ɗan zamewa. A kan kwalta kuwa, in an yi kwana, ƙafafun gaba sun fi na baya nisan tafiya, ga su a ɗaure da juna, sai ƙarfen tsakiya ya yi ta murɗewa kamar wanki. Shi ne ya ci kuros ɗin, shi ne ya hana sandar motsi. Saura kaɗan akwatin giyar ya fashe.

Ya buɗe ƙofa, ya ga carbin. Ya goge hannu a wando, ya ɗauke shi da yatsa biyu ya miƙo mini. Ya tura sandar da ɗan yatsa ɗaya, ta tafi.

Ya shiga ƙarƙashi ya jima. Da ya fito ya ce kayan motar duk na asali ne, ko ƙusa ba a sauya ba in ba kuros ɗin abokin Zakaria ba, shi ma a karkace aka ɗaura shi. Sa'an nan: "Amma direba na ku wane irin direba ne? Ba ya sani wannan?"

Zakaria ya ce, "Ai shi ya sa muka kore shi."

Na sunkuyar da kai ina jan carbin.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Ashe ko Asana Mutari bai faɗa wa cewa ni na hana a taɓa giyar ba. Da ta sani da ta jefa mini ranar Lahadi. Wawan mutum. Ana kiran ka ɓarawo, kana rufa wa wani asiri.

Alhaji ma, mutum ya shigo gida ya bar mota a ƙafa huɗu. Allah ya jiƙan shi. Ƙila ciwon ya riga ya kama shi tun a hanya. Ban taɓa tunanin haka ba sai yau.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Na sa Zakaria ya tsaya a bakin masallaci, daidai inda ya tsaya wancan makon, ya warware abin da ya faɗa. Ya so ya ce kuskuren fita ne. Na ce ka faɗi sunana, Bashiratu ce ta hana a taɓa giya. Na aika wa mai tifar ma. Ba don komai ba, azumi saura kwana kaɗan, ba na son shiga da kayan wani a wuyana.

Da yamma muka je Jisonayili. Ko ƙis motar ba ta yi ba a kwana, munafuka. Mutari ya fito da gaisuwa kamar ba abin da ya faru, har da tambayar gajiya. Maganar da na shirya tun safe ta ƙi fitowa. Na ajiye makulli a kan tabarma na ce, Malam Mutari, ƙanen nan nawa zai kashe ni a hanya.

Ya dubi makullin ya ce mai tifa ya kira shi, zai yi shawara. Shawara! To, ya yi. Haƙƙinsa ne.

Shi ya maido mu gida dai, Zakaria a baya. Ya ja kujera ya daidaita da tsawonsa, ya gyara madubi. Na kalli waje.

Carbin yana wurina. Da shi na yi lazimin magariba.