Kududdufin Kaka a Intanet

Laraba da dare, damina, 2007

Yau ma na wuni a kafe ɗin intanet na unguwar Kwararafa, har idanuna suna yaji. A duniyar nan ta intanet da ake yanka wa mutane filaye, kowa benen gilashi yake ginawa. Ni kuwa a nawa filin na haƙa kududdufi irin wanda masu haƙar kuza suka bar mana a gonar Kaka, na cika shi da hotunan matattun kwamfutocin da ake jibgewa a bakinsa. Zanena ke nan.

Ɗazu maƙwabciyata a can, wata Baturiya, ta aiko saƙo wai in kwashe sharata, tana tare mata kallon teku. Raina ya ɓaci. Oga mai kafe ya leƙo ya ce, "Haba Malam, goge mata mana ka huta."

Ban goge ba. Na amsa mata cewa daga ƙasashensu aka lodo mana kwamfutocin. Sannan na kewaye filin da shingen ƙyarana, tsiron nan mai ƙaya, yadda manoman garinmu suke yi.

Gobe zan ƙara wa ramin faɗi. Mu a gefen na gaskiyar muke kwana. Ita hoto kawai aka ce ta kalla.