Maɓalli a Cikin Hannun Tela

Baba,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Inna. Yaya ciwon gwiwar? Uwar yara ce ke riƙe da biro, ni nake faɗa.

Kada hankalinka ya tashi, an yi aikin shekaranjiya. Naman da babur ya kwashe a bayan hannuna na dama, likita ya yanko madadinsa daga cinyata ya yi faci. Sai dai facin nama ba irin namu ba ne. Dole a haɗa jijiyoyinsa da na hannun, jini ya shiga ya fita. In bai fita ba naman ya mutu, hannun ma sai yadda hali ya yi.

Ka san ni da bin diddigi. Na tambayi likitan wane irin ɗinki ya yi. Ya ce jijiyar da ke kawo jini ya ɗinke ta da zaren da bai kai gashi kauri ba, amma wadda ke fitar da jinin, maɓalli ya sa mata. Baba, maɓallin dannawa! Wanda ka hana mu sa wa ko rigar jariri, kana cewa aikin malalata ne.

Da ya ga na ɓata rai, ya kawo min irinsa. Zobba ne biyu, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa tsawo ba, da ƙananan tsinkaye a kewaye. Ana zura bakin jijiya a ciki, a kalmasa shi waje a kan tsinkayen, a danna zobban su kama juna. Na daɗe ina juya shi ina neman aibu, ban samu ba. Kalmasa ce tsaf, jini ba ya haɗuwa da ko zare ɗaya.

Yanzu kowace awa nas na zuwa duba launin facin. In ya yi duhu, an koma tiyata. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. A sa ni a addu'a.

Naka,
Auta

Baba,

Bayan gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya.

Facin ya kama. Nas ta ɗora wata 'yar na'ura a kai, na ji jinina na wucewa ta maɓallin, shuu, shuu. Sau uku na roƙe ta ta maimaita, har ta ce in bar ta ta yi aikinta.

Likita bai rufe ni ba: yatsu biyu na ƙarshe ba za su ƙara lanƙwasuwa ba. Na yi kukana na share. Amma yau da safe babban yatsa da manuni sun taɓa juna. Na sa uwar yara ta zare allurar ɗankwalinta ta ba ni. Na riƙe ta, Baba, har na ƙirga bakwai kafin ta faɗi.

Kada ka ba kowa kujerata a shago.

Ɗanka,
Auta