Ɗan Ƙanena Ya Ƙi Sa Sunana a Teburin Shanu

Assalamu alaikum Hajiya. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Asabar, zuciyata ta ƙi sanyi. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubuta mani, kuma na ce kada a gyara ko kalma guda.

Ni na kafa ƙungiyar masu shanu a ƙauyenmu, nan ƙasar Ƙanƙara. Shekara talatin ina yawo har Faskari da Sabuwa neman mai allurar dabbobi, wani lokacin a ƙasa. Bana aka ce a zuba sunayenmu da na dabbobinmu cikin kwamfuta don allurar damina. Ɗan ƙanena Abdulkarim aka ba aikin. Uban nashi ya rasu, a hannuna ya tashi.

Ran taron ƙungiya ya ce kowane tebur a cikin na'urar, wai haka ake ce wa jerin bayanai, sai an raɗa mashi suna. Na ce to, a sa wa na shanun shekarar da na kafa ƙungiya, sannan cikakken sunana da laƙabina. A gidanmu ko maraƙi ba a sa wa suna ban sani ba. Yaron nan, gaban mutane, ya ce ba ya yiwuwa. Wai ya yi tsawo, wai akwai tazara tsakanin kalmomi, wai suna ba ya farawa da lamba. Ya rubuta "shanu" kawai. Shanu! Alhaji Uwais, wanda muka daɗe ba ma ga maciji da juna, ya ce ashe har na'ura ta ƙi ni. Aka yi ta dariya, har yau ba a daina ba a kasuwa.

To Allah ya sauki Suwaibatu matar Abdulkarim lafiya, namiji, ɗan fari. Asabar suna. Ya aiko sau uku in zo in yi wa jariri huɗuba. Na rantse ba ni zuwa. Ya je kwamfutar ta raɗa mashi. So nake ya tsaya gaban jama'a ya ji abin da na ji. Ki faɗa mani, na yi daidai ko akwai abin da ya fi wannan zafi?

Dattijon da aka yi wa dariya

Wa alaikumus salam Baba. An ɓata maka, ban musa ba. Abdulkarim ya yi wauta da ya gyara maka magana a bainar jama'a. Kamata ya yi ya ja ka gefe. Alhaji Uwais kuwa ya yi rashin dattaku.

Amma na tambayi wata mai wannan aiki. Ta ce yaren da suke tambayar rumbun bayanai da shi, SQL, yana da ƙa'idoji: sunan tebur ko na layukan cikinsa ya fara da harafi, ya zama gajere, babu tazara. Ana iya tilasta shi ya karɓi dogon suna, amma duk mai neman bayani sai ya rubuta shi daidai kowane lokaci, kuskure kaɗan a rasa wace saniya aka yi wa allura. Shi ya sa suke kiran tebur da abin da ke cikinsa. Kuma wannan sunan ba mai ganinsa sai ma'aikaci. Takardar da ake bugawa a raba wa jama'a, ita kan iya ɗaukar sunanka da laƙabinka a sama. Ka nemi wannan, haƙƙinka ne.

Batun Asabar, Baba, ba zan taya ka neman abin da ya fi zafi ba. Ka kira Abdulkarim yau, ka yi masa faɗa a ɗaki son ranka. Rantsuwar kuma ka tambayi liman yadda ake kaffara. Idan ka ƙi zuwa, suna ba zai fasa ba. Wani za a miƙa wa jaririn, mai yiwuwa dattijon da ya fi kusa, kuma ka san ko wane ne: Alhaji Uwais. Maraya ya aiko sau uku domin ba shi da wani uba sai kai.

Ka je. Allah ya raya jikan naka, ya sanyaya zuciyarka, ya ba ku damina mai albarka.