Jirgi a Kan Kitsona

Daren Juma'a, unguwar Harra ta Gabas

Ɗazu da la'asar ina saman bene, kaina a buɗe, maƙwabciyata tana yi mini kitso, sai muka ji ƙara kamar ta ƙudan zuma. Ƙaramin jirgin nan ne marar matuƙi mai kyamara, ya tsaya cak a kanmu. Tawul na rarumo na yafa.

Na zura abaya da hijabi na sauka. Ashe Usman ne yake sarrafa shi, ƙanin mai shagon layinmu, wai hoton gidan haya yake ɗauka don talla.

Na ce, "Ina tasrihinka, takardar izininka? A ƙasar nan ba a tayar da abin nan sai da rajista da izini, balle a kan gidajen mutane."

Ya ce, "Ma'alesh, Yaya, wallahi ban ga komai ba. Je ki a ƙarasa miki kitson."

Maigidana ya ce kada in kai ƙara, wai Usman namu ne, kuma iƙamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar, za ta iya samun matsala. Na ji.

Amma kaina a rufe na sauka. Wa ya gaya masa kitso ake yi mini?