Rigunan Badaru Biyu

Nasarawa Gwom, Jos.

Zuwa ga Yayana Labaran,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya a Legas, kai da Anti Jannatu da yara, Ya kuma yi wa kasuwa albarka. Mu nan sai godiya. Damina ta sauka da ƙarfi, har rufin ɗakin Umma ya fara yoyo, Kawu Jika ya hau ya toshe. Ciwon ƙafarta da sauƙi, hawan jinin ne ya ƙi sauka, kuma ka san dalili. Madina matar Badaru ta shiga wata na takwas. Na zaɓi rubutu ne saboda a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana, kullum sai ka ce kana cikin taro.

Saƙonka ya iso, turmi shida na atamfa mai hoton sabon shugaba, tare da umarnin in ɗinka wa gidanmu ankon ranar rantsuwa. Yaya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ban ɗinka ankon ba, kuma ba zan ɗinka ba. Raina a ɓace yake, da kai da shugaban naku. Yau kwana arba'in da ɗaya ƙaninka Badaru yana tsare a tsallaken iyaka, amma abin da ya fito daga hannunka zuwa gidan nan shi ne kayan rawa.

Bari in sake faɗa maka yadda abin ya faru, tunda na lura ka ɗauke shi ƙaramin rikicin kan hanya. Shekara tara Badaru yana kai dankalin Turawa waccan ƙasar, jandarmominsu har sunansa sun sani. Sai mutuminku, tun bai sha rantsuwa ba, ya hau rediyo ya ce da ya hau mulki zai koya wa maƙwabta hankali. Ku kuka tafa. Su kuma suka ji, domin su ma suna da rediyo. Baki shi ke yanka wuya, sai dai wannan karon wuyan wani ya yanka. A makon aka fara tsefe takardun direbobinmu. Lasisin Badaru ya ce haifaffen Jos ne, takardar asalinsa kuma ta ce ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Kano. Kai ka raka Baba ya karɓo mana takardun nan, ka san da sunan ƙauyen kakanmu aka yi su, tunda a nan samunsu ya gagare mu, ko da yake tun zamanin haƙar kuza muke garin. Suka tambaye shi sunan dagacin ƙauyen da ranar da kasuwarsa ke ci. Direbobin da suka fi shi wayo sun haddace irin wannan amsa kamar karatun allo. Shi kuwa, da gaskiyarsa mai ban haushi, ya ce bai taɓa taka garin ba, shi dai ya san Naraguta inda kakansa ya yi aiki. Nan take suka rubuta ɗan leƙen asiri mai takardun bogi.

Mutum ɗaya ne ya tsaya mana, Oga Hyginus, ma'aikaci a ofishin jakadancinmu na can. Ɗan Anguwan Rukuba ne, ɗan Mama Ana da nake wa ɗinkin Kirsimeti. Shi ba sai an yi masa dogon bayani ba, ya san yadda ɗan Jos ke yawo da takardar garin da bai taɓa gani ba. Sau huɗu yana zuwa gidan yarin. Ya rubuta wasiƙar shaida cewa Badaru ɗan ƙasa ne kuma direba ne, saura kawai jakada ya sa hannu ya buga hatimi. To, sai ga sanarwa daga mutanenku cewa ranar rantsuwa duk jakadu za su dawo gida. Jakadan ya ɗaure kayansa, ya ce ba zai sa hannu a kan abin da ya shafi tsaro ba, a jira wanda zai gaje shi. Kwana tara bayan rantsuwa za a shigar da Badaru kotu. Oga Hyginus ya ce idan babu wasiƙar, kotun soja za a miƙa shi, kuma can shi kansa ba a barinsa shiga.

Wane ne magajin? A shagona, mata masu kawo ɗinki ba su da zance sai jerin sunayen da ke yawo a waya. An ce Alhaji Zainulabideen mai gidajen mai za a tura, wanda ya ba ƙungiyarku motocin kamfen, wanda ka ɗora hotonku tare kana dariya har kunne. Ban ce mugu ba ne. Amma mutumin da ko gaisuwar Faransanci bai iya ba, yaushe zai koyi aikin, yaushe majalisa za ta tantance shi, yaushe zai isa? Ashe jakadanci ya koma watanda, kowa ya kawo gudummawa a yanka masa kasonsa? Ni tela ce, Yaya, ban yi karatun hulɗar ƙasashe ba, amma ko ni ba na miƙa almakashi ga wanda bai taɓa yanka ba a kan yadin amarya. Kuma ba a korar mai gadi tun kafin a sami wani. Ba gidanmu kaɗai ba ne, a tashar masu dankali motoci sun yi layi, babu direban da ke son ƙetarawa.

Ga abin da nake so. Kullum kana faɗa mana ƙofar Alhajin a buɗe take gare ka. To, ka shiga. Ka ce masa ya nemi wanda zai kira jakadan nan mai barin gado, a ce masa ya sa hannu kafin ya hau jirgi. Ba kujera muke nema ba, ba kwangila ba, sa hannu ɗaya ne. Na san kana tsoron kada a ce ka kawo ƙorafi lokacin rabo, a manta da kai. A manta ɗin. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Game da atamfar, kada ka ce an wulakanta kyautarka. Umma ce ta ce in yanka turmi ɗaya in yi wa Badaru riguna, tunda kayan da aka kama shi da su ne har yau a jikinsa. Na ɗinka biyu a yini ɗaya, Madina ta yi musu guga. Da na kira Oga Hyginus don jin yadda za a kai, na kwatanta masa yadin, sai ya hana ni aikawa. Ya ce in rufa wa yaron asiri, domin idan masu gadi suka ga fuskar nan a ƙirjinsa, dukan da zai sha sai an ɗauke shi a kwance. Umma tana zaune ta ji komai. Ba ta yi kuka ba, ta dai ce in ninke su in aika wa mai su.

Saboda haka suna cikin ledar da ke tare da takardar nan. Ka sa ɗaya ranar da za ka je wurin Alhajin, can ita fuskar take da daraja. Za ta matse ka, kada ka yi mamaki. Awon Badaru ne, kuma na rage inci uku saboda Oga Hyginus ya ce haka ya koma.

Ka gaida Anti Jannatu, da Abdulmuhaimin, da Fadimatu. Kawu Jika yana gaishe ka. Madina ta ce a gaishe ka. Umma kuwa, da na tambaye ta saƙo, ta ce tana jiran naka. Allah Ya fito da Badaru, Ya sa ya riski haihuwar nan a gida.

Ƙanwarka,
Hasiya