Sunan Gazali a Bakin Uwarsa

Tambuwal, Litinin

Aminiyata Na'iya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da mutanen Kebbe, da ƙafar nan taki mai jin hadari tun bai taso ba. Wayarki kullum a kashe, shi ya sa na ba direba takarda.

Mijina ba shi da lafiya. Jikanmu Gazali nika nufi, angon da ya shekara shida bai ba ni ko goro ba. Mura ya yi ta wuce. Ran Juma'a na cafke shi da wasa, wai in duba ko ya wanke ƙafa kafin ya shigo ɗakin amarya, sai ya ƙwalla ƙara. Na ɗaga wandon. Na'iya, tun daga idon sawu har ɗuwawu ɗigo-ɗigo ne jajaye masu duhu, kamar an watsa masa zoɓo. Na danna da yatsa, ba su gushe ba. Gwiwoyi sun kumbura, ciki na murɗarsa. Maƙwabta sunka ce ƙyanda. Na yi jinyar ƙyanda, ba daga ƙafa take farawa ba.

Ɗana Bilyaminu ya kai shanu kudu. Matarsa, ɗiyarki Ruwaida kuwa, kin san tarbiyyar da kinka yi mata: ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, ba ta ko dubansa a gabana. Tana bakin ƙofa tana murza gefen zane. Gobe za mu asibiti. Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Atu

Sakkwato, Alhamis

Na'iya,

Bayan sallama da tambayar lafiyarki, an turo mu Sakkwato. Likita ta ce ƙananan jijiyoyin jininsa ne sunka kumbura suna yoyo ƙarƙashin fata. Ba a ɗauka, kuma yawancin yara na warkewa, sai fa in abin ya sauka ƙoda. Nasa ya sauka. Fitsarinsa kamar shayin da babu madara.

Da likita ta tambaye mu yaushe ya fara, Ruwaida ta sunkuyar da kai. Sai da anka fitar da ni waje ta iya magana. Ashe tun kafin in ga ƙurajen ta ga launin a shimfiɗarsa, ta wanke, ta yi kukanta a bayan ɗaki, don ba ta iya buɗe baki gaban uwar miji ta ce ɗanta na fari na ciwo. Ban ga laifinta ba. Ni da ke munka yabe ta kan wannan kunyar, har muna nuna ta ga 'yan matan unguwa.

Ga abin da ya hana ni cin abinci. Yaron ya ƙi magani, ya ƙi ruwa, ya juya wa duniya baya. Na yi masa tatsuniyar kurar da ta je aski, na ce zan kai ƙararsa wurin alƙali a raba aurenmu, ko murmushi. Yaran da ke gadajen kusa, uwayensu na rungume da su suna kiran sunansu. Shi ya gani. Ya ce min tasa ba ta son shi, don haka ba zai sha ba. Fuskarsa ta fara kumburi. Na roƙi Ruwaida, na ce na yafe mata kunyata, ta tako har bakin gadon ta daskare. Ba ni ce na ɗaura mata ba, ke ce. Don Allah, don Annabi, ki zo ki kwance. Ko a buhun gero ne a ɗoro ki.

Taki cikin damuwa,
Atu

Sakkwato, Lahadi

Ɗana Bilyaminu,

Ina gaishe ka, ya hanya, ya dabbobi? Ba na iya faɗin wannan a waya ban yi kuka ba.

Surukarka Na'iya ta iso jiya tana ɗingishi. Ko gaishe ni ba ta yi ba. Ta zauna gefen gadon, gaban kowa ta kira ɗanta na fari, babban yayan matarka, da sunansa, Attahiru, wanda ta haifa ta binne bai taɓa jin sunan daga bakinta ba. Ta ce da Ruwaida kada ta gaji wannan.

Matarka ta ɗauki cokalin. Sunan Gazali ya fito mata a karkace, kamar ƙofar da ta daɗe a kulle. Gazali ya waiwayo yana neman mai kiran. Ta sake faɗa. Ya buɗe baki ya sha.

Har yanzu da sauran rina a kaba. Fitsarin da sauran duhu, likita ta ce za a yi watanni ana aunawa, kuma ba ta yi min alkawarin komai ba. Ka taho.

Ni dai an sake ni. Mijin nawa ya ce in matsa daga gadon, wurin innarsa ne. Ban taɓa jin daɗin saki irin wannan ba.

Mahaifiyarka,
Atu