Biko a Kan Dutse

Zuwa ga Wasila, hasken idona mai kashe ido, ruwan sanyin da ya sarƙe ni, zumar da ƙudanta bai tashi daga kanta ba, inuwar da ta miƙe ta bar ni a rana, ranar ma ta Dubai!

Na yi miki sallama don addini ya ce a yi, ba don zuciyata ta huce ba.

Saƙonki ya iso. Yayanki Labaran ne ya kawo shi har ofishina a Jebel Ali, ya sha shayina, ya karanto mini hukunci kansa a sunkuye don kada in ga dariyarsa. Wai ba za ki karɓi biko a gidansa ba. Wai za ki bi ƙungiyar matan nan masu hawan duwatsu ku koma Bosniya, in ina son matata in je in biko ta a ƙauyen nan na kan dutse, da ƙafata. In ba haka ba, in aiko miki da takardarki.

Wasila! A wane littafi kika samo wannan? Na karanta fiƙihu daidai gwargwado, na karanta labaran matafiya na da da na yanzu, ban taɓa cin karo da yajin da sai an nemi biza kafin a biko shi ba. Matan kirki in sun yi yaji, miji ya sa hula, ya ɗauki goro da dattijo guda, a yi nasiha, a dawo gida kafin la'asar. Tsakanina da gidan Labaran a Al Buteen rafi ne kawai, abra ce mutum zai hau, kwale-kwalen da ko tsohuwa mai ciwon gwiwa take shiga. Kika duba kika ga abin ya yi mini sauƙi.

Na san kin tuna dajin nan na Bosniya, tunda ya fi ni daraja a wurinki. Bara, da zafin nan mai narka kwalta ya ishe mu, kika ce mu je mu sha iska. Na ɗauka iska irin ta masu mutunci ce, otal da baranda da shayi. Sai ga ni a cikin itatuwan da mutanen can ke kira bukwa, dogaye, masu santsin jiki ruwan toka, tsofaffi har wasu sun faɗi sun ruɓe a inda suke, babu mai ɗaukar ko reshe ya kai murhu. Ba zan yi ƙarya ba, wurin ya yi kyau. Haske yana tsiyayowa ta cikin ganye kore shar, ƙasa da laushi kamar katifa, ga shiru irin na masallaci bayan an watse. Kika dafa wata bishiya da hannuwanmu mu biyu suka kasa zagayewa, mayafinki ya zame, kika ce tana nan tsaye tun kafin a haifi kakan kakanmu. A wannan lokacin na so ki so mai ciwo, na rantse da Wanda ya tsirar da ita. Sai kika ɓata komai. Kika wuce gabana.

Ni ɗan Yakasai ne. Tun da na buɗe ido, Baba a gaba, Inna a baya, ko da ita ce ta san gidan da za a je. Kariya ce, in maciji ne ya fara da namiji. Shi ya sa na karɓi gaba. Kika yi ta nuna mini ɗigon jan fenti a jikin itatuwa, wai shi ne alamar hanya. Ni da nake sallamar kwantena daga nan har Apapa ba ta ɓata ba, fenti ne zai nuna mini gabas? Na bi hanyar da ta fi faɗi, kamar yadda duk mai hankali zai yi. Da ta je ta ƙare a bakin kwazazzabo, wannan laifin wanda ya share ta ne.

Me kika yi, ya sanyin idaniyata, ya ƙaya a tafin ƙafata? Kika zaunar da ni a kan kututture, takalmin fata ya saɓule mini dunduniya, kika ajiye mini gorar ruwa da dabino, kika haura kamar barewa. Mutanen ƙauyen ne suka sauko da alfadari. Haka na shiga garin: gidajen dutse masu rufin katako, ɗan masallaci mai hasumiyar itace, tumaki, tsofaffin mata suna saƙa safa a bakin ƙofa, ga mijinki, manajan kago na jiragen ruwa, mai furfura, a kan dabbar da ake ɗauko itacen girki da ita, yana dafe da hularsa. Ke kuma kina tsakiyarsu, an ɗaura miki ɗankwalinsu, gahawa a hannu ɗaya, waya a ɗayan. Kafin in sauko, hoton ya isa Kano. Yau a gidanmu har jarirai sun san Kawu Mai Alfadari.

Kika yi dariya har da hawaye. Abin da na kasa yafewa shi ne, ban taɓa ganin kin yi kyau kamar ranar ba. Shekarun nan duka ina saya miki leshi da turare ina neman wannan dariyar, ashe sai an ɗora ni a kan dabba za ta fito!

Sai maganar takalmanki na hawan dutse, wadda kike yawo da ita gida-gida kamar na kashe rai. I, ni na sa su a kago, su da sandunan nan da jakar goyon. Suna kan teku yanzu, Allah ya kai su lafiya, ya ba su ƙafar da ta san zaman gida. Ban yi nadama ba. Duk Asabar sai ki bi matan Rasha da na Filifin zuwa duwatsun Hatta, ki dawo fuska tana sheƙi, kina ba ni labarin tsauni kamar wani ɗan'uwanki da ya dawo daga tafiya. Wane miji ne zai zauna dutse ya ƙwace masa mata? Da mutum ne, da na san ƙofar da zan buga.

Ga shi kin tafi. Mawaƙan Larabawa na da sukan tsaya a kufan masoyiya su yi kuka. Nawa kufan yana da lifta da mai gadi, amma kukan ɗaya ne. Ƙanshin turaren wutarki ya bar labule. Na dafa shinkafa, cokali ya tsaya a ciki ya ƙi fita. Da yamma nakan tsaya a bakin rafi ina kallon tsallake, tsuntsayen ruwa suna ihu a kaina, in ce a raina: ga ta can, muguwa, tana cin tuwon matar Labaran, ko tuna ni ba ta yi. Kina yi?

Takarda kuwa, ki cire rai. Khalas, magana ta ƙare. Hannun nan ba zai rubuta ta ba ko da za ki koma saman gajimare da zama. Na nemi biza. Na sayi munanan takalman nan masu kama da tayar tirela. Na daina hawa lifta, kullum da safe ina bin matakala ina haki, mai gadi yana tambayata ko in kira likita. Zan zo. Zan zo da goron biko a aljihu, in raba wa tsofaffin nan su tauna su yamutse fuska. Labaran ya ce gwiwarsa ba za ta iya ba, don haka limamin ƙauyen ne dattijona. Ki shirya sauraron nasiha da harshen da ba kya ji, ki amsa da to.

Ni ma ina da sharaɗi. Ki ajiye wayar nan. Kada ki sauko ki tarye ni. Kada ki aiko kowa, mai ƙafa biyu ko mai huɗu, ko da an ce miki na faɗi. In na iso ba zan ba ki haƙuri ba, ke ma na san ba za ki ba ni ba. Ki matsa mini wuri a kan benci kawai, in zauna kusa da ke har numfashina ya dawo, sannan mu ci gaba da faɗan a inda muka tsaya.

In kuma rana ta karkata ba ki gan ni ba, kada ki ce na fasa. Ina can cikin itatuwan, ina kiran sunanki da duk baƙar maganar da na sani, ina tahowa.

Naki da fushina da komai, ba ni da wata ba na kuma nema, har ranar da za a ɗora ni a makara,

Ɗalhatu
Bur Dubai